Zomon Teku

A bakin ruwan Yelwa ta Yauri, idan ka ce Ya'u kawai, sai a tambaye ka wanne. Idan kuwa ka ce Ya'u Zomo, har yau da ya daɗe a kabari, za a nuna maka gidan da hayaƙin bandar kifi ke tashi tun da hantsi. Matarsa Balaraba na nan a ciki, ta tsufa amma hannunta bai mutu ba. Har yanzu 'yan sari daga Kontagora da Zuru ba sa loda mota sai sun leƙa sun ga abin da ta sauke daga wuta.

Sunan Zomo ba na yanka ba ne, kuma Ya'u bai samo shi don gudu ko tsoro ba. A shekarun farin nan da ruwan tafki ya ja baya, kamu ya lalace, masunta suka watsu neman na abinci. Ya'u na da ɗanyen aure a lokacin, da jariri a hannu. Ya bi wani ɗan garinsu zuwa Ikko, kuma saboda ya iya gyaran taru, aka ɗauke shi aiki a wani jirgin masu binciken kifi da ke fita tsakiyar teku. Ya ɗan jima can. Ranar da ya dawo, ya dawo a rame, da rediyo a rataye, da tabo a tafin hannunsa na dama, da wani labari da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ga yadda yake ba da shi. Wata rana, in ji shi, aka saki taru ƙasa, aka yi ta saki har igiyar ƙarfen ta kusa ƙarewa a kan injin. Da aka jawo, aka zazzage a bisa katako, sai ga wani kifi a cikin taɓo da ƙaguwa. Haƙoransa na zomo ne sak. Idanunsa manya, kore shar, suna walƙiya kamar na kyanwa idan an haska ta. Fikafikai gare shi kamar na tsuntsu, wutsiyarsa kuma ta yi siriri ta zarce kamar ta ɓera. Jikinsa sumul, babu ɓawo ko ɗaya, fuskarsa duk layi-layi kamar an yayyanka an ɗinke da allura. Ya'u ya kai hannu ya damƙe shi yadda ya saba damƙar kifin kurungu, sai wata ƙaya da ke tsaye a gadon bayansa ta huda masa tafi. Hannun ya kumbura har gwiwa.

Mutumin da ya fara jin labarin nan har ƙarshe shi ne Bitrus, kafintan jirage daga Wara, Bakambare, aminin Ya'u tun suna samari. Ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya kira shi da sunan ƙabilarsa ta masunta ya ce, "To Basarke, haƙorin zomo, idon kyanwa, wutsiyar ɓera, fiffiken tsuntsu. Ƙafar jakin fa, a jirgi ka baro ta?"

Bakin ruwa ya ɗauki dariya. Tun daga ranar Ya'u ya zama Zomon Teku, daga baya baki ya gaji ya yanke shi zuwa Zomo.

Gardamar nan ba ta taɓa mutuwa ba. Duk lokacin da Bitrus ya zo Yelwa gyaran jirage, a gidan Ya'u yake cin abinci. Bayan la'asar sai su shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, Balaraba ta kawo musu tuwon shinkafa da miyar kifi, yara su kewaye su. Kafin a suɗe kwano Bitrus zai tambaya, da fuskar mutumin kirki, ko zomon ya aiko da gaisuwa. Ya'u ya buɗe tafinsa ya nuna tabon. Bitrus ya ce ƙusa ce. Ya'u ya rantse, Bitrus ya ce shi ma ya iya rantsuwa da yare uku. Balaraba tana jin su daga wajen murhu, wani lokaci ta yi tsaki, wani lokaci ta toshe baki da gefen zane don kada su ji tana dariya. Ita dai ba ta taɓa zama ta tambayi kanta ko akwai kifin ko babu ba. Abin da ta sani shi ne, idan mijinta na ba da labarin, fuskarsa takan koma ta saurayi.

Sannu a hankali yaran suka girma suka watse. Ya'u ya yi 'yar gajeruwar jinya ya rasu. Bitrus ya zo gaisuwa, ya zauna a gindin darbejiyar shiru, ya tashi bai taɓa abincin ba. Bayan haka tsufa ya kama shi shi ma, ya daina zuwa Yelwa.

Wata Asabar da hantsi, Balaraba na jera tarwaɗa a kan ragar banda, sai ta ji sallamar autarta Mufida. Mufida malama ce, tana koyar da kiwon kifi a Sabuwar Busa, da mijinta da 'ya'yanta can, kuma ba ta saba zuwa ba tare da ta bugo waya ba.

"Lafiya?" in ji Balaraba. "Ina yaran?"

"Kowa lafiya lau, Inna. Wanke hannunki ki zo ki ga wani abu."

Suka zauna a inuwar rumfa. Mufida ta ce tana shirya darasi ne a kan kifayen da ba su da ƙashi, abin da ba fanninta ba ne, wata malama ce ta tafi haihuwa aka ɗora mata ajin. Tana cikin neman hotunan da za ta nuna wa ɗalibai ta ci karo da wannan. Ta miƙa mata waya.

Da farko duhu ne kawai, da wasu 'yan ƙananan abubuwa farare suna yawo kamar gari a iska. Sai haske ya faɗa kan wani abu. Ya taho a hankali, yana kaɗa fikafikai sama da ƙasa kamar shirwa da ba ta cikin sauri. Ya juyo da kai, idon ya kama hasken, ya yi kore shar.

Balaraba ta ajiye wayar a cinya, ta sake ɗauka.

"La'ilaha illallahu," ta ce. "Kifin babanku ne."

"Shi ne, Inna."

"Tsaya. Bari shi juyo. Akwai ƙaya a bayansa, gaban fiffiken sama." Kifin ya karkata, ƙayar ta fito. "Ga ta nan. Ga ɗinkin fuskar. Wayyo, ga wutsiyar." Ta sa ɗan yatsa tana bin wutsiyar a kan gilashi, man kifin hannunta ya bar sawu.

Mufida ta ce ita ma da ta gani sai da ta tashi ta rufe ƙofar ofis. Tun tana ƙarama ta ɗauki labarin a layin tatsuniya, ta yi karatun kifi har ta fara koyarwa, amma aikinta duk a kan tarwaɗa da karfasa yake, bai taɓa zuwa mata a rai ta duba ba.

"Yana da suna?"

"A littafi kimera ake ce masa. Amma Inna, kin san mi masunta na wasu ƙasashe ke kiransa? Kifin zomo. Wasu kuma kifin ɓera."

Balaraba ta yi wata dariya da ta ƙare da share ido. Ta ce a sake kunna mata. Aka sake, aka kuma sakewa. Tarwaɗar da ke kan wuta ta fara ƙauri, babu wanda ya tashi.

Sai ta shiga tambaya, Mufida na ba ta amsa gwargwadon abin da ta karanto. Ta ce yana zaune ne can ƙasan teku, inda hasken rana ba ya kaiwa, wurin da sanyi kamar ƙanƙara. Shi ya sa idanun suka yi girma haka, don su tsinci ɗan hasken da ya samu. Ba shi da ƙashi, duk jikinsa guringuntsi ne, dangin kunamar ruwa ne da masuntan Lakwaja ke kamawa. Haƙoran nan faifai ne masu tauri, da su yake murƙushe ƙaguwa da ƙumba, kuma ba sa daina tsiro, kamar dai na zomon gaske. Layukan fuskar kuwa da su yake jin motsin ruwa.

"Akwai kuma 'yan ramuka a hancinsa. Kin san yadda minjirya ke ba da shokin? To kowane mai rai yana fitar da ɗan kaɗan irin wannan. Shi yana jin sa. Ko tsutsa ta ɓuya cikin taɓo, zai gano ta."

"Babanku ya ce akwai wani ɗan ƙaho a goshi, mai lanƙwasawa. Wanga ban ga nasa ba."

Mufida ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi. "Namijin ne kawai ke da shi, Inna. Da shi yake riƙe macen."

"To, ya isa," in ji Balaraba. "Ƙwai yake yi ko haihuwa?"

Ƙwai ne, in ji Mufida, amma ba barbaɗi irin na tarwaɗa ba. Macen kan ajiye su bibbiyu a kan taɓo, kowanne cikin wani kwanso mai tauri kamar fata, dogo kamar kwanson ɗorawa. Ta tafi ta bar su. Ɗan ya yi watanni a ciki shi kaɗai a duhu, kafin ya fito da kamannin uwarsa. Masana kuma sun ce irinsu na cikin teku tun kafin a yi yawancin dabbobin da muka sani, shekaru miliyan ɗaruruwa.

"Wa ya zauna ya ƙirga?" in ji Balaraba. Amma hankalinta ba nan yake ba. Ta dubi darbejiyar tsakar gida, can ta ce, "Yaushe ne kasuwar Wara?"

Mufida ta so su bi hanyar mota, uwar ta ce ita ta ruwa za ta bi. Don haka Mufida ta nemi izini a wurin aiki, ranar kasuwa suka shiga jirgin inji da sassafe, tsakanin buhunan albasa da mata masu tallan man gyaɗa. Aka raba musu rigunan ruwa. Balaraba ta sa tata a kan hijabi tana gunaguni, wai ita da ta iya iyo kafin ta iya magana. A cinyarta akwai ƙunshin bandar kifin yauni, wanda ta zaɓa da kanta.

Da jirgi ya fita fili, inda ruwan ya buɗe har gaɓar can ta zama siririn zare, sai ta dafa hannun ɗiyarta.

"Wajen nan ne. Ko gaba kaɗan."

A kan wani gungu aka haifi Balaraba, tsibiri a tsakiyar kogi, kafin a yi dam. Tana 'yar ƙarama aka kwashe su. Abin da take tunawa kaɗan ne: fadamar albasar kakanta, wani rimi da ake ɗaure jirage a saiwarsa, da yadda innarta ta ƙi shiga jirgin ƙaura sai da aka ciro mata duwatsun murhunta. Shekaru bayan haka, idan suka ratsa wurin, babanta kan tsayar da tuƙi ya nuna ruwa da filafili ya ce, ga gidanmu nan. Ita ba ta ganin komai sai ruwa. Yanzu ma ruwan ne kawai, da inuwar gajimare a kansa.

"Shi rimin yana nan a ƙasa?" ta tambaya.

"Wataƙila kututturen, Inna."

Ta gyaɗa kai, ta gyara ƙunshinta.

Sun ishe Bitrus a gindin mangwaro bayan gidansa, kusa da rumfar da ɗansa Daniel ke haɗa wani sabon jirgi. Ya ƙanƙance, gashinsa ya yi fari fat, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya gaba ɗaya, ɗayan ma saura kaɗan. Amma Balaraba na yin sallama ya ɗaga kai.

"Wannan murya ta Yelwa ce. Matar Basarke?"

"Ni ce, Baban Daniel. Mun same ku lafiya?"

Ya ƙwala wa matarsa Asibi kira. Asibi ta fito da gudunta na tsofaffi, suka rungume juna da Balaraba, aka yi ta gaisuwa ana tambayar na raye ana yi wa matattu addu'a. Aka kawo ruwa da kunun zaƙi. Bitrus ya shinshina ƙunshin da aka ajiye masa ya ce yauni ne, kuma da itacen ƙirya aka banda shi, kada wanda ya taɓa masa.

Sai da aka natsa Balaraba ta ce, "Zomo na kawo maka."

"Wane zomo?"

"Na teku."

Mufida ta durƙusa gefensa ta kunna wayar ta sa masa a hannu. Ya kai ta kusa da idonsa mai ɗan gani, har hancinsa na taɓa gilashin. Ya karkata ta nan, ya karkata ta can. Sai yanzu Balaraba ta gane ba zai iya ganin kifin ba. Duk tsawon hanya ba ta kawo wannan a ranta ba.

"Duhu nike gani," in ji shi. Can sai ya ƙara matso da ita. "Akwai wani abu kore. Ya wuce. Ga shi ya dawo."

"Idon ne, Baba," in ji Mufida.

"To sauran fa? Ku gaya mini."

Balaraba ce ta gaya masa. Ta matso da kujerarta, tana kallon wayar a hannunsa tana faɗa: yanzu ya buɗe fikafikai, yanzu ya sunkuya yana shinshinar taɓo, ga haƙoran, ga ƙayar, ga wutsiyar tana binsa a baya. Ba ta lura ba sai da ta yi nisa, ashe da kalmomin Ya'u take faɗa, har da inda yakan ja numfashi kafin ya ambaci ƙayar. Daniel ya ajiye guduma ya zo ya leƙa ta kafaɗar babansa, Asibi ta kama haɓa tana cewa ikon Allah.

Bitrus ya miƙa wayar. Ya fuskanci Mufida.

"Ɗiyata, wa ya ɗauki hoton ga?"

"Wani inji ne, Baba, ake saukar da shi da igiya, da fitila a jikinsa."

"Ato. Injin da ba ni iya yi wa tambaya." Ya juya wajen Balaraba, bakinsa na rawa tsakanin dariya da wani abu daban. "Ni kore kawai na gani. Kore kuwa ko kwalba na da shi. Ku gaya wa Basarke ban sallama ba."

Duk aka yi dariya, har da Balaraba. Amma da dariyar ta lafa, Bitrus ya sassauta murya.

"Ya taɓa gaya miki abin da ya dawo da shi gida?"

"Aikin ne ya ƙare."

"Bai ƙare ba. Sun so shi zauna, har ƙarin matsayi suka yi masa alkawari. Ni ya gaya wa, wata rana muna kan hanyar Shanga sayen katako. Ya ce da aka zazzage kifin ga, da sauran ransa. Yana kwance bisa katako cikin rana, bakinsa na motsi, idon ga na kallon sama. Masu binciken na murna suna aune-aune. Shi kuwa yana zaune gefe da kumburarren hannu cikin ruwan zafi, yana kallonsa har ya daina motsi. Ya ce sai ya ji tausayinsa ya kama shi, an ciro shi daga wurinsa an kawo shi inda ba nasa ba. Daga nan sai ya tuna ke, da jaririn da ya bari bai ko fara zama ba. Jirgi na komawa gaɓa ya ɗaure kayansa."

Balaraba ta dubi hannuwanta. Ta tuna ranar. Tana tsugune tana wanke wa yaro jiki a kwano, ta ji sallama a ƙofa, ta ɗaga kai ta ga mutum a rame da rediyo a kafaɗa, ya tsaya yana kallonsu bai iya ƙarasa shigowa ba. Ta zaci yunwa ce ta hana shi magana, ta tashi da sauri ta ɗora tukunya.

"Bai taɓa faɗa mini ba," ta ce.

"Ina zai faɗa? Basarke ne. Ya fi son a yi masa dariya da a ce ya yi kewar matarsa."

Ta ja gefen hijabi ta rufe fuska. Asibi ta dafa mata baya. Daga kasuwa ana jin hayaniya da ƙarar injinan jirage, Daniel ya koma rumfarsa a hankali amma bai ɗauki gudumar ba.

Da Mufida ta duba rana ta ce ya kamata su tashi kada jirgin Yelwa ya bar su, Asibi ta ce babu inda za su, ta riga ta jiƙa shinkafa. Balaraba ba ta yi musu ba. Ta tuɓe hijabi ta rataye a igiya, ta bi Asibi madafa, ta karɓi wuƙa ta hau yankan kuɓewa kamar a gidanta.

Daga can tana jiyo su a gindin mangwaro. Bitrus ya sa an ɓare masa yaunin, yana ci yana yi wa Mufida tambayoyi.

"Babanki ya kuma ce wai akwai wasu kifaye masu fitowa daga ruwa su tashi sama jere, kamar tsuntsaye, har su faɗo cikin jirgi. Wannan dai ƙari ne, ko?"

"Baba, wannan ma akwai."

"Kai! Ke ma kin fara."

"Bari in nemo maka."

"Kada ki nemo mini komi. Zauna nan ki yi mini bayani da baki, in ji inda za ki yi tuntuɓe."

Balaraba ta zuba kuɓewar a tukunya, ta ɗanɗana miyar a tafin hannu, ta ce wa Asibi ta miƙo daddawa.